Tafintar da na yi wa matar ƙanena

Ni dai Allah Ya ba ni kunne. A gidanmu na unguwar Misfala a Makka, ina sama, ƙanena da matarsa suna ƙasa, ko cokali ya faɗi sai na ji. To, bayan la'asar ba cokali nake ji ba. Sai in ƙara muryar rediyo.

Daga Sakkwato aka kawo matar, Larabcinta bai wuce na sayen burodi ba. Shi kuwa tun da ya fara tuƙin motar alhazai a Arfa ya koyi shan ƙwaya, wai don kada barci ya ɗauke shi. Haji ya wuce, ƙwaya ba ta wuce ba.

Watarana ta hau wurina shan shayi, mu mata zalla, ta ƙi cire niƙabi. Ta ƙarƙashinsa take kurɓa. Na ce, "Matarmu, yau kuma mu ne mazan?" Aka yi dariya. Na san abin da ke ƙarƙashin ƙyallen nan, wallahi na sani.

Da aka kama shi da ƙwaya, alƙali bai kai shi kurkuku ba, ya tura shi asibitin masu shaye-shaye. Kafin a sallame shi, wata ma'aikaciya ta kira matarsa don ta rubuta wa kotu halin da gida yake ciki. Ni na raka ta, ni ce tafinta.

Ma'aikaciyar ta tambaya ko yana dukanta.

Ta kama bakin abayata. "Yaya, ki ce mata ina tsoro."

Ɗan uwana ne, ni na goya shi. Na juya na ce da Larabci, "Ta ce alhamdulillahi."

Wata biyu da dawowarsa ta shigo mini kicin, ta ɗaga niƙabi. Ido ɗaya a rufe, leɓe a fashe.

"Yaya, alhamdulillahi dai ko ba Larabci na san shi. Wannan fa, me za ki ce mata?"

Ban kashe murhu ba sai da ta tuna mini. Muka koma ofishin ma'aikaciyar, na faɗi nata, na faɗi nawa, har rediyon ban ɓoye ba. Aka mayar da shi asibiti.

Yanzu tana unguwar Aziziyya wurin gwaggonta, tana zuwa ajin koyon Larabci. Ranar da aka sake kiran ta na aika in ji ko in zo in raka ta. Ta ce a gaishe ni, za ta iya da kanta.