Malam Hashimu da Rumbun Fiddausi

Kullum da hantsi Malam Hashimu zai jingina babur ɗinsa a ƙofar ɗakin kwamfuta na makarantarmu a Talata Mafara, ya share allo, ya zana gida. Gida sosai, da zaure da madafa da rumbu! Ni da nake koyar da lissafi a ajin kusa da nasa, na sha leƙowa in ga ko ya koma koyar da gini ne. Ɗan magini ne daga Birnin Tudu. Ya taka ƙasa, ya murza tubali tun kafin ya taɓa kwamfuta, kuma da idon magini yake koyar da tsara manhaja.

Yakan ce abin da mutum ke gani a fuskar waya shi ne zaure, nan baƙo ke sallama ya tsaya. Inda ake sarrafa aikin shi ne madafa. Bayanai kuwa hatsi ne, rumbu ne wurinsu.

Ɗalibarsa Fiddausi ce ta sa muka ga amfanin wannan. Manoman shinkafa na wajen Bakura sun ba ta aikin manhajar da za ta riƙa aika wa kowa saƙon ranar da ruwa zai shiga gonarsa. In rabon ruwan ya rikice, shukar wani ta bushe, maƙwabta su ɓata. Ita kuwa ta cusa komai wuri guda a kwamfutarta, in ta gyara saƙo sai sunayen manoma su hargitse. Ta ce ta haƙura.

Malam bai ko duba kwamfutar ba. Ya kwashi ajin zuwa garin Damri inda ake wani gini, ya tsayar da Fiddausi gaban rumbun da aka ɗora kan duwatsu, can nesa da murhu.

"Ɗiyata, don mi ba a gina shi cikin madafa ba?"

"Saboda gobara, Malam."

"To ke don mi kika aje hatsinki bisa murhu?"

Ta rufe fuska tana dariya. Da suka dawo ta rushe aikin ta sake: kowane sashe da wurinsa, bayanan manoma kuma ta kai su wata ma'ajiya daban a intanet.

Ana tsakiyar noman rani wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙone kwamfutarta. Ta ari wata, ta sake kafa manhajar, ta haɗa ta da ma'ajiyar. Kafin la'asar saƙonni sun ci gaba da fita! Shugaban manoman, Alhaji Barau, ya ce mini shi bai ma san wani abu ya faru ba.

Kai ne, Malam, maginin da ba a ganin gininsa sai a sha inuwarsa. Ga shi watan nan kake ajiye alli. Mun gode, Allah ya saka da alheri. 'Yan'uwana malamai, mu koyar da yaranmu sabon ilimi da abin da suka tashi suna gani a gida.

Shinkafar da za mu ci a walimar sallamarka, Alhaji Barau ne ya aiko. Ruwanta bai taɓa makara ba.