Ranar da na karanta wa Baba darasin zomo da tsattsewa

Shekarun baya, ina karatun kimiyyar halittu a Bici, mahaifina ya kwanta ciwon shanyewar ɓarin jiki. Duk ƙarshen mako sai in hau mota in taho ƙauye in zauna da shi a zaure. Ya daina hira, abinci ma sai mahaifiyata ta yi ta lallashi. Da na rasa abin ce masa, sai na koma karanta masa darasina da ƙarfi, har da gyaran murya kamar wata babbar malama.

Wata Asabar da hantsi na zo kan kwatanta zomo da tsattsewa. Na ce zomo yana cikin dabbobi masu shayarwa, haihuwa yake yi, ɗansa kuma da gashinsa yake zuwa, ido a buɗe. Tsattsewa kuwa tsuntsuwa ce, ƙwai take yi a sheƙar laka, irin wadda ke manne a saman zaurenmu. Na ƙara da cewa masana sun sa su duka biyun cikin halittun da ba a fargabar ƙarewarsu.

Baba ya juyo da kansa da ƙyar.

"Maimaita, 'yar nan. Zomon bai ƙare ba?"

"Bai ƙare ba, Baba. Yana nan da yawa a wasu wurare."

"To ina namu? Rabon da in ga sawunsa a gona har na manta. Na ɗauka ni da abokaina muka cinye su da karnukanmu."

Ban taɓa sanin yana ɗauke da wannan a ransa ba. Na ce masa farauta ta rage su, gaskiya ne, amma babban abin shi ne gona ta haɗe da gona, babu sauran kurmin da zomo zai ɓuya.

Hawaye suka fara bin gefen fuskarsa. Can ya ce, "Alhamdulillahi. Ashe Allah Ya ajiye iri." Sannan ya ce in gaya wa Inna ta dama masa fura.

Baba bai sake takawa ba har Allah Ya karɓi abinsa. Abin da ya zauna min a rai shi ne, mara lafiya ba ciwon jikinsa kaɗai yake jinya ba. Mun yi ta neman maganin ƙafa da hannu, babu wanda ya taɓa tambayarsa me yake tunani.