Inda Gwangwani Yake Haya

Da asuba, kafin ta ce wa kowa uffan, Inna takan dafa ruwa, ta ɗiga zuma, ta sha a hankali tana tsaye a bakin taga. Ko gaisuwa ba ta amsawa sai ɗumin ya ratsa mata wuya. Maigidanta ya saba. In ya gaishe ta ta ɗaga masa hannu, sai ya ce wa yara, "Ku yi a hankali, ɗan haya bai tashi ba." Daga nan ta naɗe wuyanta da gyale ko ana zafi, ta ɗauki filas, ta nufi wurin aiki, ta shiga wani ɗan ɗaki marar taga da aka liƙe bangonsa da soso, ta tsaya gaban makirufo. Haka take yi tun tana goyon 'ya'yanta har su ma suka yi goyo.

Ɗan hayan nan kun san shi. Gwangwani ne, yaron nan na shirin barkwanci na zane mai motsi da ake nunawa a talabijin, mai kai kamar gwangwanin madara, wanda ba ya rabo da jawo wa gidansu magana, kuma sai ya ja hanci kafin ya shara ƙarya. Hotonsa yana kan jakunkunan makaranta da riguna da kofuna. Abin da ba ku sani ba, domin an hana ku sani, shi ne muryarsa daga maƙogwaron wannan dattijuwa take fitowa.

Mai zanen shirin ya faɗi yadda aka fara. Ya zana yaro, amma yaro ya ƙi yin rai. An gwada samari, an gwada yara, duk wanda ya buɗe baki sai ka ce sanarwa yake karantawa. Ita kuwa Inna an kira ta ne ta yi muryar maƙwabciya, ta faɗi 'yan kalmomi ta tafi. Lokacin hutu tana ba abokan aiki labarin ƙanenta da mura ba ta sakinsa, sai ta ja hanci irin nasa ta ce, "Wallahi Yaya, kyanwa ce ta shanye madarar." Mai zane ya ce bai san sa'ad da fensir ya faɗi daga hannunsa ba.

A wannan sana'a murya ake fara ɗauka, sannan a zana baki ya bi ta. Saboda haka ya riƙa zama bayan gilashi yana kallon fuskarta yana zane. "Karkata bakin nan nata ne," in ji shi, "ɗaga girar hagu ma nata ne. Ni kai kawai na yi masa." Ƙanen, wanda yanzu ya yi gemu da jikoki, har gobe in sun haɗu sai ya ce, "Yaya, kin sayar da hancina a duniya." Ta ce, "Da ka bar ƙarya, da ban sami abin sayarwa ba."

Muryar yaro ba ta zama a wuyan babba kyauta. Babbar 'yarta ta ce, "Ban taɓa jin Inna ta ƙwala mana kira ba. Cokali take bugawa a murfin tukunya. Ranar da kakarmu ta rasu ma kukan zuci ta yi, don washegari Gwangwani zai yi dariya." Wata ma'aikaciyar jinya kuma ta shaida cewa duk yaron da ya dage ya ƙi shan magani, Inna take kira a waya ta kara masa a kunne. Sai ya ji an ja hanci an ce, "Ni kam ba na tsoron magani, ɗaci ne kawai ba na so." Yaro yana dariya, cokali yana shiga.

To, me aka saka mata da shi? Labule. Tun farko masu kamfanin suka yanke cewa in yara suka san mace ce, babba kuma, shirin zai zube. Don haka in za a fita taro, sai a sa wani saurayi cikin rigar soso mai ƙaton kan Gwangwani, yana rawa ana rungumarsa, Inna kuwa tana zaune bayan labule kan kujerar roba, tana leƙe ta wata 'yar ɓula don maganarta ta dace da motsinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba laifin saurayin ba ne, shi ma gumi yake sha. Laifin na waɗanda suka ga mutum suka ɗauke shi lasifika ne.

Bara likita ya ce wani tsiro ya fito mata a maƙogwaro, dole a yi aiki, kuma bayan aikin siririyar muryar nan ba za ta dawo ba. Ana gab da babban taron cikar shirin shekaru talatin. Inna, wadda ba ta taɓa roƙon komai ba, ta shiga ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, abu guda nake so. A ɗaga labulen nan sau ɗaya, in yi wa yara magana suna kallon fuskata, kafin muryar ta tafi."

"Haba Inna! Yara su ga kaka ce Gwangwani? Ai kuka za su yi."

"An taɓa tambayarsu?"

"Ki yi haƙuri. Allah ne zai biya ki."

Allah zai biya, babu shakka. Amma ba Allah ne ya rataya labulen ba.

Ranar taro aka karrama darakta, aka karrama manaja, aka rataya wa rigar soso lambar yabo. Sannan aka miƙa wa Inna takarda a bayan labule, ta yi godiya da muryar Gwangwani ga kowa ɗaya bayan ɗaya, har da mai gadi. Sunanta kaɗai ne babu a takardar. Ta karanta tsaf, aka yi ta tafi. Ta ɗauki filas ɗinta ta fita ta ƙofar baya.

Saurayin rigar yana can waje yana shan iska, shi ya ga abin da ya biyo baya. Wata 'yar yarinya tana kuka a gefen babanta, cunkoso ya hana ta taɓa Gwangwani. Inna ta wuce, ta tsaya, ta dawo. Ta durƙusa gabanta, ta ɗaga girar hagu, ta ja hanci.

"Wa ya taɓa ki? Ni dai ba ni ba ne, kyanwa ce."

Kukan ya yanke. Yarinyar ta zuba wa bakin Inna ido, ta kalli furfurarta, sannan ta sa ɗan yatsa a kan gyalen wuyanta.

"A nan yake zaune?"

"A nan yake haya."

"Baba, ka ji? Kaka, ƙara!"

Ta ƙara, ta kuma ƙarawa, har muryar ta dushe. Wannan ne kukan da aka ce yara za su yi.

An yi aikin lafiya. Yanzu Inna a hankali take magana, kamar mai raɗa, kuma maigidanta ya daina zancen ɗan haya.

Inna, ke ce Gwangwani, mun faɗa da babbar murya tunda taki ta ƙare a hidimarmu. Ke kika sa gidaje dariya a ranakun da babu dalilin dariya, kika haɗiye naki kukan. Ginshiƙi, ba a ganinki ana shan inuwarki. Mun gode, Allah ya ƙara miki lafiya, ya sanyaya wuyan nan.

Ku kuma matasa, ku koyi riƙon aiki irin nata. Masu riƙe da igiyar labule kuwa, ku ja ta tun mai muryar yana da abin faɗa. Duk wanda ya haɗu da wata dattijuwa mai gyale a wuya, mai karkata baki in za ta yi murmushi, kada ya ce ta yi masa Gwangwani. Ya rage tsawo ya gaishe ta, yau ita ma ta zauna ta saurara.