Babur Ɗin da Na Kai Maƙera

A farkon shekarun mulkin kai ni saurayi ne mai ji da kansa a wani ƙauye kusa da Gazara, ina noman rake ina kai mazarƙwaila kasuwar Makarfi. Wata shekara rake ya yi albarka, sai kaina ya kumbura, na ce keke ya yi mini kaɗan. Na je Kudan na sayi tsohon babur ɗan Ingila a hannun wani malamin auduga. Yadda muke sayen jaki haka na saye shi: na zagaya shi, na bubbuga sirdin, na ji rurinsa, na ce lafiyayye ne.

Kafin damina ta fita na ga tsaga a wuyansa, daidai inda ƙafar gaba ta haɗu da gangar jiki. A wurinmu duk ƙarfen da ya tsage maƙera ake kai shi, ko garma ko gatari. Maƙerin garinmu ya ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Ya sa wuyan a wuta har ya yi jawur, ya naɗa masa wani ƙarfe ya daddake, ni kuma na bi da baƙin fenti. Da shan mai ya ishe ni, sai aminina, wanda muka yi karatun allo tare, ya ce in sayar masa, don yana son ya riƙa kai mahaifiyarsa Ikara allura. Mahaifina ya sha faɗa mana cewa mai sayarwa wajibi ne ya bayyana aibin kayansa. Amma na ce a raina abin da aka gyara ai ya tashi daga aibi, na ja bakina na yi shiru, na sayar masa.

Wata ranar kasuwa ina hira da wani direban babbar mota a Makarfi, har da alfahari nake ba shi labarin aikin maƙerinmu. Sai na ga ya tsaya da taunar goro. Ya ce wuyan babur bututu ne, wutar maƙera kashe shi take yi, kuma ramin farko mai zurfi zai ɓalle shi. Nan na tuna cewa da hantsin nan aminina ya wuce ni da tsohuwarsa a baya, har ta ɗaga mini hannu. Na bar kayana a shimfiɗe, na ari keke na kama hanyar Ikara. Ina tuƙi ina bin sawun tayarsa a ƙasa, duk kwanar da zan sha sai na yi salati, kada in tarar da abin da nake tsoro. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A gangaren wani rafi na same su. Tsohuwar ta tsorata da gangaren ta sauka ta bi da ƙafa, shi ne Allah ya kuɓutar da ita. Shi kuwa yana kwance, ƙafarsa ta karye, ƙafar babur can gefe. Yana ganina, maimakon ya tuhume ni, sai ya ce in yafe masa, ya lalata babur ɗin da na sha wahalar kula da shi. Nan na durƙusa na faɗa masa gaskiya ina kuka. Sai ya ce ƙaddara ta riga fata, in taimaka a ɗaga shi.

Ɗorin bai zauna daidai ba, garma kuma ta gagare shi har abada. Na gane cewa ɓoye gyara ɓoye aibi ne, kuma rashin sani ba ya wanke wanda ya zaɓi yin shiru. 'Yan'uwa, duk abin da za ku sayar ku faɗi tarihinsa, ko da ciniki zai watse. Yau mun tsufa, sahu ɗaya muke salla, kuma kullum kafin in gan shi ƙarar sandarsa nake fara ji.