Atika Mai Mazarƙwaila a Benci na Gaba

Atika mutuniyar Gazara ce, mazarƙwaila take sayarwa a kasuwar Makarfi. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suka bi shi a shekara ɗaya, shi ke nan gari ya yanke cewa mayya ce. Mata na janye yaransu in ta gifta, cinikinta ya koma sai baƙi. Sau biyu ana kiranta ta tsallaka marar lafiya don ta saki kurwarsa, sau biyu tana cewa ba ta kama ba, ba za ta tsallaka ba.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai ina koyarwa a babbar firamare ta garin. Na juya wani tsohon wasan Turawa zuwa Hausa don bikin ƙarshen shekara. A ciki wani jarumi ya gamu da mayu uku, suka ce masa zai yi sarauta, ya je ya yanka sarkinsa. Ɗalibin da ya fito a babbar mayya ya ɗaura zanen saƙi yana ɗingishi da ƙafar hagu, don ya kwaikwayi Atika. Na gani a wajen gwaji, na yi dariya na ƙyale. Har yau ina jin kunyar dariyar nan.

Labari ya kai mata. Ranar wasan da la'asar sai ga ta da fantekarta a ka. Ta ratsa jama'a ta zauna a benci na gaba, kusa da dagaci. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta miƙe.

"Malam, matan nan uku, wacce a cikinsu ta riƙe wuƙar?"

Na ce, "Babu, Inna. Jarumin ne."

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa."

Ta juya ga jama'a. "To kun ji. Ni nawa 'ya'yan ƙyanda ce ta ɗauke su, a kan cinyata. Wanda ya ga hannuna a ciki ya tashi ya faɗa, ga dagaci."

Ba wanda ya motsa.

Ta buɗe fanteka ta miƙa wa ɗalibin nan curin mazarƙwaila guda. "Ungo, ka sha aiki. Amma ƙafar dama ce ke mini ciwo."

Ya dubi uwarsa, ya ɓoye hannu a baya. Atika ba ta sauke nata hannun ba. Ni na tako na karɓa, na gatsa a gaban kowa.