Ɗan Norway da Ba Ya Tashi Daga Kan Allo

Ni ba mai haƙuri ba ne, kuma har yau ban gama warkewa ba. Allah ya yafe mini.

Takalma nake saye a Guangzhou ina aikawa Kano. Wanda ke loda mini kaya wani dattijo ne daga zangon Kumasi, ofishinsa na hawa na sama a wani bene da ke unguwar Xiaobei. A kan wani kwalin kaya da ba a taɓa buɗewa ba yake ajiye allon ces, darar nan ta Turawa. Shi ya koya mini. In an yi la'asar sai mu zauna, ya dafa shayi, ƙarar motocin titin Huanshi na shigowa ta taga. A garin nan kowa sauri yake, ba ni da wani wurin zama sai nan.

Halina kuwa, da na ga an cinye mini sarauniya sai in ɗora waya a kunne in ce laoban na kira, wato mai kamfanin da nake sayen kaya, in fice. Wani lokacin hannun rigata ya share allon, wai kuskure. In wasa ya yi daidai kuma, in miƙe in ce canjaras ne.

Wata rana dattijon ya kwashe 'ya'yan ces ɗin ya zuba a leda.

"Ɗan Kano, kayanka zan ci gaba da lodawa. Wasa kuwa, meiyo."

Babu ke nan da Sinanci. Na yi dariya, shi bai yi ba.

Na ci gaba da zuwa, ana ba ni shayi, allo na jingine da bango. Maimakon wasa sai ya riƙa buɗe wayarsa yana kallon wasannin wani Bature ɗan Norway, ni kuma ina leƙe ta kafaɗarsa. Dattijon ya daɗe yana bin sa. Ya ce tun yana ɗan yaro, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa daga kujera, yake zama gaban manyan gwanaye masu furfura yana hana su sakat. Bai gama tasawa ba ya sami muƙamin babban gwani, yana saurayi ya zama zakaran duniya, ya riƙe shekara da shekaru.

Na ɗauka zan ga dabaru masu ban tsoro. Abin da na gani ya fi kama da mutum yana tsince tsakuwa a shinkafa. 'Ya'yan ces sun kusa ƙarewa a allo, kowa na da sarki da hasumiya da 'yan sojoji, masu sharhi sun ce babu mai ci. Shi kuwa yana zaune, gashi a hargitse, ya tallafe kumatu, ya matsa soja gida ɗaya. Ya sake matsawa. Abokin karawarsa na ta kallonsa, kamar yana roƙon a tashi.

"Baba, ai wannan mugunta ce. Ya bar bawan Allah ya je ya ci abinci mana."

"Kai da ka isa gida tuni, ka yi wanka."

Can abokin ya gaji ya yi ɗan kuskure, wanda ni ban ma gane ba sai da dattijon ya nuna mini da farce. Wasan da aka ce ya mutu, ɗan Norway ya ci.

Amma wasan da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka cinye ɗan Norway ɗin. Ya yi ta kare kansa a matse, ba ya da mafita, fuskarsa ta yi ja don haushi, ana gani. Duk da haka ya miƙa hannu. Mutumin da duniya ta sallama masa ya zauna an kayar da shi a bainar jama'a, ni kuma mai takalma ina gudun dattijo ɗaya a ɗakin da babu kowa.

Na ajiye wayata a kan teburinsa, na tura ta gabansa.

"Baba, riƙe wannan. A jera."

Ya jawo ledar.

Bai tausaya mini ba ko kaɗan. Ya cinye dokina, ya cinye sarauniya. Zufa ta keto mini duk da fanka. Ban tashi ba, na ci gaba da matsa abin da ya rage, har ya kai sarkina lungu ya rufe. Na miƙa masa hannu, ya riƙe bai saki da wuri ba.

"To, ai ba ka iya ba ashe," in ji shi. "Da ban sani ba, tunda ban taɓa ganin ƙarshen wasanka ba. Juyo allon, kai ne fari."