Durgun da Ruwa Ya Kawo

Shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, damina ta yi ƙarfi a Kiyako. Kakata, Inna Dije, ta tsinci wata 'yar durgun kaza mai gajerun ƙafafu a bakin rafi, ta maƙale a reshe, ta jiƙe sharkaf. Ta naɗo ta a gefen zane, ta ajiye ta kusa da murhu. Ta sa aka yi cigiya a masallaci da kasuwa, ba a sami mai ita ba.

A gindin murhun nan mu jikoki muke taruwa bayan Isha'i, kazar tana lafe ƙarƙashin kujerar Inna. Ranar da yayana ya ce a soya mana ƙwanta, Inna ta tura itace cikin wuta, ta ba mu tatsuniyar wata mata da ta tsinci kaza ta yanka. Tun daga ranar take jin tono ƙarƙashin gadonta. Ta sauya ɗaki, tonon ya bi ta. Da ta rasu, masu haƙa kabari suka ji ana tono daga ƙasa, ana taryen su.

"Sai me, Inna?" in ji yayana.

"Sai aka binne ta mana. Kai sarkin kwaɗayi, je ka tambaye ta sauran."

Ba ta rufe da ƙurunƙus ba. Na kwana ina sauraren ƙasa.

Kazar ta hayayyafa, Inna ba ta taɓa cin ko ƙwai ɗaya ba. Tsoronta kada ta mutu da haƙƙin wani a wuyanta. Tana cikin ciwon ajali wata Bafulatana mai tallan nono ta shigo, ta ga durgaye cike da tsakar gida, ta sauke ƙwarya ta zauna. Ta ce irin kazar 'yarta ce, wadda yarinyar ta bi nema har rafi a waccan daminar. Ruwa bai dawo da yarinyar ba.

Inna ta ce, "Kwashe su duka, baiwar Allah, ki sauke mini nauyi."

"Na yafe, Inna, duniya da lahira. Ɗaya ta ishe ni."

Ta ɗauki ƙaramar cikinsu, ta rungume ta a ƙirji, ta fita ta manta ƙwaryarta.

Daga baya na karanta hukuncin tsintuwa, har na rubuta wa ɗalibai shi da ajami. Sai da na manyanta na gane cewa abin da ka tsinta kana murna, wataƙila a wani gida zaman makoki ake yi. Inna ta cika a makon da Bafulatanar ta zo, hankalinta kwance. Allah ya jiƙan ta, ya jiƙan yarinyar da ban taɓa sanin sunanta ba.